HOTON BAKIN TEKU DA KUKE AIKO MANA GIDA

Daga Wakilinmu na Arewa



A ɗakin mahaifiyata akwai wani hoto rataye jikin bango wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Marigayi mahaifina ne a ciki, yana saurayi, tsaye bakin teku a Ikko, da farin kaftani da hula, ya rungume akwatin rediyo a hannun hagu, ruwa kuwa ya shimfiɗu a bayansa har iyakar ganin ido. A bayan hoton an rubuta da biro: Bar Beach, 1978. Sai da na girma ya gaya mini rediyon nan ba nasa ba ne, na mai hoto ne, kowa ya zo sai a miƙa masa ya riƙe. Shi a lokacin gadi yake yi a Ikoyi, yana kwana a ɗan ɗakin bakin ƙofa. To, amma hoton ya riga shi isa gida, kakata ta wajen uwa ta duba ta ce lalle yaron nan ya zama mutum, daga nan maganar aure ta daidaita. Saboda haka in na ce ina da ruwa da tsaki cikin zancen hoton bakin teku, kada wani ya ce na zaƙe. Ba don shi ba, da wataƙila wani ne ke rubuta muku wannan shafi.

Abin da ya tayar mini da maganar kuwa shi ne, a Babbar Sallar da ta wuce aiki ya kai ni Ikko. Kashegarin Salla waɗansu 'yan'uwa daga Agege da Idi-Araba suka yi hayar mota, muka tafi yawon Salla bakin teku ta wajen Lekki, mu goma sha ɗaya har da mata da yara. Wani ƙanen abokina mai shagon gyaran waya ya zo da kyamarar dijital tasa, mai kyau ƙwarai, irin wadda ake cire mata ido a sa wani. Cunkoson motoci ya riƙe mu, ba mu isa ba sai wajen ƙarfe ɗaya, rana ta take tsaka. Yaron nan bai huta ba, ya ɗauki hotuna fiye da ɗari uku. Da dare muka zauna kallo, sai ga fuskoki baƙi ƙirin kamar an shafa musu baƙin tukunya, haƙora kurum ake gani. Shaddar da aka kashe wa kuɗi ta koma farin fili, babu aikin wuya babu zare. Teku kuwa ya karkace kamar zai tsiyaye ta gefe guda. Muka yi dariya muka tashi. Bayan wata biyu na aika masa ya turo mini ko da goma ne daga ciki, sai ya ce ai ya goge katin, an kira shi ɗaukar hoton suna.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, hoton nan da kuke ɗauka bakin teku abu ne mai daraja, ya fi yadda kuke zato, kuma yadda ake yi da shi yanzu wulaƙanci ne. Ana ɗaukarsa da ganganci, ana aika shi gida da 'yar ƙarya a ciki, sa'an nan a bar shi ya ɓace.

Na sani akwai dattawa a Zango da Sabo da za su ce duk wannan aikin banza ne. Mutum ya baro garinsu neman abinci, me ya kai shi bakin ruwa yana washe baki gaban na'ura? Ina girmama su, kuma akwai gaskiya cikin tsoronsu, zan zo kanta. Amma ina roƙonsu su dubi abu guda. Wurin da mahaifina ya tsaya a 1978 yau babu shi. Wanda ya zo Ikko cikin 'yan shekarun nan, in aka ce masa Bar Beach sai dai ya ji suna.

Asalin abin kuwa tun zamanin Turawa ne. Wajen 1908 suka soma gina dogayen katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa, domin kada yashi ya toshe wa manyan jirage hanya. Shi kuwa yashin gaɓar nan tafiya yake yi, ruwa na tura shi daga yamma zuwa gabas. Da katanga ta tare shi sai ya riƙa taruwa ta yamma, Bar Beach da ke gabas ya rasa mai ciyar da shi, ruwa ya yi ta cinsa shekara da shekaru. Gwamnatoci sun sha zuba yashi ruwa na kwashewa, har ta kai in teku ya yi fushi sai ya hau Titin Ahmadu Bello ya shiga ofisoshi. Daga wajen 2008 aka shiga cike wurin da yashin da ake haƙowa daga cikin teku, aka yi ƙatuwar katangar duwatsu, aka kafa sabon gari mai suna Eko Atlantic. Cikin Fabrairu 2013 Shugaban Ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton suka halarci bikinsa.

Bar Beach kuwa a zamaninsa filin kowa ne. Talaka da attajiri, Bahaushe da Bayarabe da Ibo, kowa na shiga ba tare da an tambaye shi wane ne shi ba. A nan ne ma gwamnatin soja ta riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a, ciki har da Ishola Oyenusi ran 8 ga Satumba 1971, dubban mutane na kallo. Bayan Bar Beach, Kuramo ya bi sahu, tun da ruwa ya yi ambaliya cikin Agusta 2012 ya tafi da mutane, hukuma ta rushe rumfunan wurin. Cikin Janairu 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay. A ƙarshen Afrilu 2024 aka rushe wani sashe na wurin shaƙatawa na Landmark domin sabuwar hanyar gaɓar teku daga Ikko zuwa Kalaba. Yawancin wuraren da suka saura yanzu da ƙofa da mai karɓar kuɗi, waɗansu ma in sun ga kyamara a wuyanka kuɗinta daban.

To, in an zo rubuta tarihin gaɓar Ikko, sunan gwamna zai shiga, na injiniya zai shiga, na kamfani zai shiga. Mai gadi fa? Mai goro, da mai shayi, da mai tsire, da mai wankin takalmi, da ɗan canji, waɗanda kakanninsu ke zuwa garin nan tun kafin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911? Ba wanda zai rubuta cewa sun taɓa tsayawa bakin ruwan nan ranar hutu, da sababbin kaya, da 'ya'yansu a hannu. Shaidarsu kaɗai ita ce wadda mai hoto ya bari. Gani ya kori ji. Ni dai ba don hoton nan na bango ba, da duk labarin Ikko da mahaifina ke ba mu sai in ɗauke shi tatsuniya.

Tun da yake haka ne, ya kamata a ɗauki hoton yadda za a gane mutum. A nan zan ɗan daɗe, domin bayan abin da ya same mu na zauna da wani tsohon mai hoto a nan Arewa, wanda ya yi sana'ar tun zamanin fim, na kuma ari kyamara na gwada abin da ya faɗa mini.

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani, kyamara ba ta da hankali, awo kurum take yi. A cikinta akwai ma'aunin haske, shi kuwa an gina shi bisa zaton cewa duk abin da ke gabansa, in an gauraya fari da baƙinsa, zai tashi toka-toka. A titi ko cikin gida wannan zato yakan yi daidai. A bakin teku kuwa ga farin yashi, ga ƙyallin ruwa, ga sararin sama, ga kuma farar shadda. Sai ma'aunin ya ce haske ya yi yawa, ya rage shi. Da ya rage, abin da ya fi komi duhu a wurin shi ke fara nutsewa, watau fuskarka da tawa. Wannan shi ne dalilin baƙin tukunyar da muka gani, ba laifin yaron nan kaɗai ba ne.

Matsalar kuwa tsohuwa ce. Tun cikin shekarun 1950 kamfanin Kodak ke raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana ce masa katin Shirley, da shi ake daidaita launi. In fatarta ta fito daidai, an ce injin ya daidaita. Ba a yi lissafi da baƙar fata ba. Waɗanda suka matsa wa kamfanin har ya gyara fim ɗinsa, cikinsu akwai masu sayar da cakulan da masu kujerun katako, don launin kayansu ba ya fitowa a talla. Sai cikin shekarun 1990 aka fito da kati mai ɗauke da baƙar mace. Kyamarorin yanzu sun fi na da nesa, amma har ila yau in ka bar su su yi yadda suka ga dama a tsakar rana, kai ne za ka sha kashi.

Magani mafi arha shi ne lokaci. Gaɓar Ikko kudu take kallo. In ka fuskanci ruwa, gabas na hannun hagunka, yamma na dama. Daga watan Satumba zuwa farkon Afrilu ranar tsaka takan ɗan karkata kudu, watau ta bisa teku, saboda haka duk wanda ya juya wa ruwa baya don a ɗauke shi, ranar ma na bayansa, fuskarsa na cikin inuwa. A sauran watanni kuwa kusan bisa tsakar ka take, ta sa ramin ido ya yi duhu, hanci ya yi inuwa bisa leɓe, mutum kuma na ta runtse ido kamar wanda aka watsa wa barkono. Ko ta yaya dai tsakar rana ba lokacin hoto ba ne. A Ikko rana na fitowa tsakanin ƙarfe shida da rabi da bakwai, tana faɗuwa daidai wannan lokaci da yamma, kusan duk shekara. Saboda haka ko dai a yi sammako a gama kafin ƙarfe tara, ko kuwa a yi haƙuri sai bayan La'asar. Da yamma, sa mutumin ya fuskanci yamma, kai mai kyamara ka ba rana baya kana kallon gabas. Hasken zai sauka bisa fuskarsa da laushi, gaɓa ta miƙe a bayansa, ruwa na hannun damanka yana shiga hoton ta gefe. A nan ne aikin wuyan riga ke fitowa zare-zare, fata ta yi sheƙi yadda Allah Ya yi ta. Da hunturu kuwa hazo na rage zafin hasken, fuska ta fi kyau, sai dai shuɗin ruwa da na sama su dusashe.

Na sani mai zuwa daga Agege ko Mile 12 ba shi ke da ikon lokacinsa ba, hanya ce ke da shi. In tilas ta sa sai da tsakar rana, to akwai dabara wadda mutane ke yi wa dariya: kunna fitilar kyamara. Wani zai ce ina amfanin fitila ga rana tsaka? Amfaninta shi ne ta cike inuwar fuska, alhali yashi da ruwa sun tsaya yadda suke. Sai dai ƙarfinta kaɗan ne, in mutum ya wuce taku uku ko huɗu ba ta kai masa. In babu fitila, a sa yaro ya riƙe farin mayafi ko rawani a buɗe daga gaba, ƙasa-ƙasa, ya mayar da haske bisa fuskar. Akwai kuma wani ɗan maɓalli mai alamar ƙari da ragi, yawancin kyamarori na da shi, har da na waya. In ka matsa shi zuwa ƙari ɗaya, ka gaya wa ma'aunin nan ke nan cewa ya yi kuskure, ya ƙaro haske. Fuska za ta fito, amma farar shadda na iya ƙonewa, saboda haka sai ka zaɓa. Ni dai na zaɓi fuska, don mahaifiyar mutum ba shadda ta haifa ba. Lambar ISO kuwa a bar ta a 100, hasken wurin ya isa har ya yi yawa.

Tsohon nan ya gaya mini su a zamaninsu ba su da allo a bayan kyamara, da ka suke lissafi. In rana ta take, a sa ƙofar ido a lamba 16, ƙiftawa kuwa kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa in fim ɗin mai lamba 100 ne, a bisa farin yashi a ɗan ƙara tsuke ƙofar. Fim guda hoto 36 ne in ya yi yawa, kowane ɗaya kuɗi ne, don haka sai an gyara wa mutum hula, an duba layin da ruwa ya haɗu da sama ya miƙe sak, kana a danna. Yau kuwa ɗauka kyauta ce, shi ya sa ba a dubawa. Abin mamaki, kyamarar dijital ta farko ta girmi hoton mahaifina da shekara uku. Wani injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa ta a 1975, nauyinta ya wuce kilo uku da rabi, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto guda, fari da baƙi, bisa kaset. Kamfanin bai yi saurin rungumar abin da ya ƙirƙira ba, a 2012 ya kai kansa kotu ya ce ya karye.

Game da ita kyamarar, yashi da gishiri su ne ajalinta. Kada a cire mata ido a bakin ruwa. Kada a goge gilashin da hannun riga, ƙwayar yashi guda ta isa ta yi masa zane har abada, a fara hure shi tukuna. Wanda ya fito daga mota mai sanyi zai ga gilashin ya yi raɓa, ya jira minti kaɗan zai washe da kansa. In an koma gida a goge jikinta da ƙyalle mai ɗan danshi, don iskar teku ɗauke take da gishiri ko ruwa bai taɓa ta ba.

Yanzu sai tsoron dattawa, wanda na ce akwai gaskiya a cikinsa. Mu mutanen tudu ne. Iyonmu na kududdufi ne da gulbi, wanda ya fi kowa ya yi Tiga ko Kogin Kwara. Teku wani abu ne dabam. Ranar nan a idona wani saurayi, daga jin Hausarsa namu ne, ya shiga ruwa iya gwiwa, ya juya masa baya yana ɗaga hannu abokinsa na ɗaukarsa. Igiyar ruwa guda ta zo ta share ƙafafunsa, ta ja shi, Allah Ya sa masu doki na kusa suka fizgo shi. Wayarsa da hularsa dai sun tafi. Gaɓar Ikko tana da gangara, ruwanta na da ƙarfi, kuma akwai wurare inda ruwan da ya hau tudu ke taruwa ya koma ciki ta hanya guda da gudu, gudun da gwanin iyo ma ba ya iya karawa da shi. Mugun abin shi ne wurin yakan yi kama da inda ya fi kwanciya, don igiyoyi ba sa fashewa a nan, sai baƙo ya ce ga wuri mai kyau na hoto. Wanda irin wannan ruwa ya ja, kada ya yi kokawar komowa tudu kai tsaye, ya yi iyo ta gefe, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinsa. Wanda bai iya iyo ba kuwa, ya tsaya bisa busasshen yashi, kyamara na da ido mai jawo nesa kusa, ruwan zai fito a bayansa kamar yana ciki. Kowace Salla sai mun ji gidan da ake jiran hoto aka sami waya ta ta'aziyya. Mai riƙe da kyamara shi ke fuskantar ruwa, shi ke ganin abin da ke tafe, don haka alhakin yana wuyansa, musamman in yara ne.

Haka nan ba kowa ke son a ɗauke shi ba. Akwai matan mutane, akwai masu fararen kaya 'yan cocin Aladura da ke zuwa addu'a bakin ruwa, akwai samari masu doki waɗanda hawan nan shi ne abincinsu. A yi sallama, a nemi izini, in da biya a biya. Mu baƙi ne a garin, ƙaramin abu ke jawo babbar rigima.

Saura maganar da ta fi damuna, ita ce ma ta sa na ɗauki alƙalami. Ku kuna ganin hoton sa'ad da yake tashi, ni da ke zaune Arewa ina ganinsa sa'ad da yake sauka. Na zauna a majalisar samari a ƙauyenmu, waya guda na zagayawa hannu zuwa hannu, ana kallon wane a bakin teku, da tabarau, bisa doki, a bayansa dogayen benaye. Ba wanda ya san dokin haya ne na minti biyar, tabarau na aro ne, shi kuwa wanen su takwas ke kwana a shago guda, wani lokaci ma ƙarƙashin gada. Kafin damina ta faɗi sai ka ji uku daga cikin samarin nan sun sayar da akuya sun hau tirela. Da yawansu da niyyar acaba suke tafiya, alhali tun ran 1 ga Yuni 2022 Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa, daga baya ta ƙara waɗansu. A ƙwace babur, yaro ya rasa na komowa, kunya kuma ta hana shi faɗa. Sai shi ma ya je bakin teku ya ari tabarau.

Wani zai ce mini, to kai fa, ba rediyon aro ne ya yi sanadinka ba? Gaskiya ne, kuma na daɗe ina juya wannan a raina. Ba na ganin laifin mutum ya yi ado ranar hutu a ɗauke shi cikin kyakkyawan hali. Wanda ya yi wata goma sha ɗaya yana dakon kaya a Alaba yana da hakkin mahaifiyarsa ta gan shi fes, hankalinta ya kwanta. Ba zan ce a aika mata hoton ƙarƙashin gada ba. Amma hoton mahaifina guda ɗaya ne, ya tafi cikin ambulan tare da wasiƙa, a hannun ɗan garinmu wanda ya san ɗakin gadin nan, duk wanda ya tambaye shi zai ji sauran labari. Na yanzu kuwa hamsin ne a dare guda, babu wasiƙa babu manzo, kuma ba ɗakin uwa kaɗai suke shiga ba, har wayar ƙanen maƙwabci ɗan shekara 16. Abin da nake roƙo ƙarami ne. In kun aika wa ƙannenku hoton teku, ku bi shi da murya, ku faɗi nawa ne kuɗin ɗaki, nawa ne kwanon abinci, awa nawa kuke tsaye. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu na Kudu su ma suna da bakin magana a nan, don su ake tasa tsakar dare in an kama yaro ko an rasa mai karɓar gawa.

Daga ƙarshe, a wanke hoton. Kati na lalacewa, waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, ana sayar da ita in ta ɓaci. Wanda aka tura ta WhatsApp kuwa an matse shi an rage masa kyau, sai fa in an tura shi a matsayin takarda, watau fayil. Hoto ɗan madaidaici, inci shida da huɗu, ba ya bukatar fiye da megafiksel biyu da 'yan kai, ke nan kowace kyamara da ke kasuwa yau ta isa har da ragi. Cikin ɗari ukun nan a zaɓi biyar, a kai shagon hoto a wanke, a juya baya a rubuta wuri da shekara da sunan kowa. Kuɗin bai kai na naman da muka ci ranar ba. Takardar 1978 ga ta nan har yau, ta ɗan yi ja amma ana gane kowane maɓalli na kaftanin, hotunan bana kuwa wata biyu ba su yi ba.

Ni dai na bi sawu har na sami guda ɗaya a wayar matar abokina. Ita ba ta shiga hayaniyar tsakar rana ba, sai da muna haramar tafiya, wajen ƙarfe biyar da rabi, ta ce mu tsaya ta ɗauke mu, ta kuwa ba rana baya ba tare da kowa ya koya mata ba. Kowa ya fito da kamanninsa, har ƙaramin yaron da ke kuka don an hana shi komawa ruwa. Na kai an wanke mini biyu, na rubuta sunaye a baya, na aika wa abokina ɗaya, ɗaya na kai wa mahaifiyata. Ta sa jikanta ya buga ƙusa kusa da na mahaifina. Ta daɗe tana duban su biyun, sa'an nan ta juyo ta ce mini, “Kai ba a ba ka rediyon ba ne?”